Sa wa tankin kifi na gilas akwatin obafulo ta waje: tambayoyi da amsoshi

Tun da mutane suka ga na huda tankina na maƙala masa akwatin obafulo a baya tambayoyi suke ta zuwa, wasu ta waya, wasu kuma sai mun haɗu wajen mai sayar da abincin kifi su tare ni a bakin shago. Kusan duk iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tattara su wuri guda in huta da maimaici. Abu ɗaya zan roƙa tun daga farko, duk wanda zai yi aikin nan ya sa a ransa cewa za a ɗauke wuta, kuma za a kawo ta lokacin da ba ya gida. Waɗanda suka ƙera kayan nan a wurinsu ɗaukewar wuta sai an daɗe ba a gani ba, mu kuwa abin yau da gobe ne, to a kan wannan za ka gina komai.

Malam wai shi obafulo ɗin nan mene ne, kuma me zai ƙara min?

Ka san tankin ruwa na saman gida, akwai ɗan fayif da fulamba yake sawa can sama wanda in tanki ya cika ruwa yake tsiyayowa ta nan? To shi ne dai, bambancin kawai a nan da gangan muke sa tankin ya yi ta cika. Akwai tanki na biyu a ƙasa cikin kabad, mu kira shi tankin ƙasa, a ciki ake zuba soso da duwatsun tace ruwa da hita da sauran tarkace, sai injin tura ruwa ya ɗebo daga can ya kai sama, saman ya cika ya malala cikin akwatin obafulo ya gangaro ta fayif ya dawo ƙasa. Haka zai yi ta zagayawa dare da rana. Abin da inji ya tura sama shi ne daidai abin da zai sauko, ba ƙari ba ragi, ka riƙe wannan don za mu dawo kansa.

Amfaninsa kuwa, na farko ruwan sama-sama yake kwashewa, wato wannan yanar mai kamar maiƙo da take kwanciya a fuskar ruwa, wadda lokacin hunturu in ƙura ta sauka sai ka ga kamar an barbaɗa gari. In ta tafi iska ta fi shiga ruwan. Na biyu duk wayoyi da hita da filta sun koma ƙasa, mai kallo kifi kawai yake gani. Na uku ruwanka ya ƙaru, kuma ruwa mai yawa ba ya saurin lalacewa. Sannan tsayin ruwan tankin sama ba ya sauka ko da rana ta sha shi.

Ni tankina ƙarami ne, lita 40, gofi ne a ciki. In yi?

A'a. Sayi ƙaramar filta ka huta. Wannan aikin na mai babban tanki ne, ko mai kifin da ke yawan kashi irin su oska da manyan sikilid, ko mai kiwon kifin ruwan gishiri da murjani. Haka wanda yake shuka ciyayi a tanki yana busa musu iskar kabon, shi ma ya yi tunani, don faɗowar ruwa tana fitar da iskar da yake saya da kuɗinsa.

Me ya sa ta waje, ba ta ciki ba?

Saboda wuri. Akwatin ciki yana cin kusurwa guda cur tun daga ƙasa har sama, na waje kuwa ɗan siririn akwati ne kawai a ciki mai haƙora, wato tsage-tsage a bakinsa da ruwa ke bi ya shiga, babban akwatin da fayif-fayif suna bayan tanki ba mai ganinsu. Amma fa yana buƙatar fili tsakanin tanki da bango, kamar santimita 10 zuwa 15, da kuma inda hannunka zai shiga. In ka riga ka manna tanki da bango ka cika shi, to sai an zubar da ruwa an matsar, kar ka kuskura ka ja tanki da ruwa a ciki. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 270 ya fi buhun siminti biyar nauyi tun ba a sa gilas da duwatsu a lissafi ba.

Dole ne sai na huda gilas? Wallahi tsoro nake ji.

Ba dole ba ne, iri biyu ne. Akwai na ratayawa, wanda ake saƙala shi a bakin tanki, akwati ɗaya a ciki ɗaya a waje, sai wani lanƙwasasshen fayif mai siffar U a kife ya haɗa su ta saman gilas. Yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo, haka yake aiki, in ka fitar da iskar ciki ruwa zai yi ta tsallakawa da kansa. Kamfanoni irin su Eshopps da CPR suna yin irinsa. Sai kuma na hudawa, wanda ake ɓula gilas ɗin baya a sa konekta, wato ɗan bututu mai zare da noti da ake ɗaurewa a ramin, ruwa ya bi ta ramin kai tsaye ya faɗa akwatin waje ba wata zuƙa.

In ka tambaye ni, ka huda. Tsoron hudawa na minti ashirin ne, tsoron na ratayawa kuwa kullum ne, duk sanda aka ɗauke wuta sai gabanka ya faɗi. Na ratayawa na bar wa wanda gilas ɗinsa ba ya hudawa, ko wanda tankin ba nasa ba ne.

To me ke faruwa in an ɗauke wuta? Ruwan ba zai zube duka a ƙasa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace, ka karanta da kyau. In inji ya tsaya, ruwan sama zai ci gaba da malala har sai ya sauka zuwa gindin haƙoran akwati, daga nan ya tsaya, don ba yadda za a yi ya hau da kansa. Wannan kaɗan ne. Inda matsalar take shi ne fayif ɗin da ke kai ruwa sama. Da inji ya mutu sai ya juye ya zama tiyon zuƙa, ya rinƙa jan ruwa baya zuwa tankin ƙasa har sai bakinsa ya sha iska. In ka nutsar da bakin nan santimita 15 cikin ruwa, to santimita 15 na ruwan tankinka zai sauko, kuma tankin ƙasa ba zai iya ɗauka ba, kafet ne zai sha.

Maganin abu biyu ne. Ka sa bakin fayif ɗin kusa da fuskar ruwa, santimita 2 ko 3 kawai, sannan ka yi masa ɗan rami ƙanƙani a jiki dab da ƙarƙashin fuskar ruwa, yadda da ruwa ya ɗan sauka ramin zai sha iska zuƙar ta karye. Ni biyu nake yi, don gansakuka ko ɗan dodon koɗi na iya toshe ɗaya, kuma duk sati nake zura masa tsinken sakace.

Sai lissafi, kuma ba shi da wuya. Tsawo sau faɗi sau saukar ruwa, duka da santimita, ka raba da 1000, ya ba ka lita. Tanki mai tsawo 120 da faɗi 45, in ruwa zai sauka santimita 3, ka ga 120 sau 45 sau 3 ya zama 16,200, wato lita 16 da ɗoriya. Ka ƙara wanda ke cikin akwatin waje da fayif-fayif, ka ce lita 20. To dole tankin ƙasa ya zama yana da filin lita 20 ba kowa a ciki a kowane lokaci, in da hali ma 25. Shi ya sa za ka ga tankin ƙasa kullum rabi-rabi yake, ba rowar ruwa ba ce.

Non-ritan fa, wato bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya? Fulamba na ya ce in sa shi magana ta ƙare.

Fulamban ka da ruwan famfo mai tsabta ya saba. A ruwan kifi yauƙi da datti suna taruwa a bakin murfin, ranar da kake buƙatarsa ranar zai ƙi rufewa gaba ɗaya, ya yi ta ɗiga a hankali har gari ya waye. Sa shi in kana so, amma ka yi lissafinka kamar babu shi.

Na ji an ce na ratayawa yana ambaliya. Gaskiya ne?

Ni shaida ne. Yadda aka yi shi, in wuta ta ɗauke bakin fayif ɗin U duka biyu suna nan a nutse, ɗaya a akwatin ciki ɗaya a wani ɗan ɗaki na akwatin waje da ba ya bushewa, saboda haka zuƙar ba ta karyewa, in wuta ta dawo sai ya ci gaba. Haka ake so. Amma ƙananan kumfar iska suna taruwa a ƙololuwar lanƙwasar, musamman in ruwan ba ya gudu da ƙarfi, yau kaɗan gobe kaɗan har ta zama babba ta raba ruwan biyu. Daga nan ba abin da ke sauka, shi kuwa inji bai san an yi ba, yana ta turowa.

Nawa ranar wata Juma'a ya yi min, mun fita masallaci ba wuta, aka kawo ta muna can, kafin in dawo ruwa ya bi ta saman gilas ya jiƙa kafet ɗin falo har ƙarƙashin kujeru, inji kuma ya yi ta gurnani a bushe. Abin da uwargida ta faɗa ranar ba zan rubuta shi a nan ba. Satin na sayi bakin huda gilas.

In dai dole shi za ka yi, to ka sayi mai fayif garai-garai wanda za ka rinƙa hango kumfar, ka tabbatar gudun ruwan ya isa ya wanke ta, ka duba shi kullum kamar yadda kake ba su abinci. Wasu irin na CPR suna da ɗan hanci a sama da ake haɗa wa ƙaramin inji mai tsotse iskar, amma ka ga shi ma wuta yake ci kuma shi ma yana toshewa. Babbar kariya ita ce ɗakin da inji yake zaune a tankin ƙasa ya zama ƙarami, yadda ko ya kwashe ruwan ɗakin kaf ya kai sama tankin sama zai iya riƙewa. Lissafin ɗazu ne aka juya: in tsakanin ruwa da bakin gilas santimita 2 ne a tanki mai 120 da 45, filinka lita 10 da ɗan kai ne, to kar ruwan da inji zai iya zuƙa ya wuce haka. Wannan shawarar har mai hudawa ta shafe shi, don fayif na iya toshewa.

Yaya zan san gilas ɗina zai hudu?

Akwai gilas da ake gasawa a masana'anta don ya yi ƙarfi, masu aikin alminiyom suna ce masa tamfad, irin na tagar gefen mota wanda in ya fashe yake zama tsaki-tsaki. Shi ba ya yankuwa ba ya huduwa, da bakin huda ya ci fatarsa zai tarwatse gaba ɗaya. Yawancin tankunan kamfani da ake shigowa da su gindinsu irin wannan ne, wasu har gefe, saboda haka ka duba kusurwa ko akwai tambari ko takardar gargaɗi.

Gwajin gida: samu tabarau na rana irin mai kashe ƙyalli, wanda ake ce wa folarais, ka kunna laftof ko waya ka sa farin shafi, ka ajiye ta bayan gilas ɗin, ka leƙa ta tabarau kana juya shi a hankali har allon ya yi duhu. In gasasshe ne za ka ga zane-zane ko ɗigo-ɗigo kamar inuwa, in na yau da kullum ne duhun zai zama sumul. Fara gwadawa a tagar gefen mota don idonka ya san abin da yake nema. Kuma kowane gefe ka gwada shi daban.

In kuwa a gabanka mai gilas ya ja abin yankansa ya ɓalle shi ya haɗa maka tankin, to wannan ba gasasshe ba ne, tunda ya yanku zai hudu.

Wani abin da mutane ba su sani ba, gilas mai kauri ya fi daɗin huda. Mai milimita 8 ko 10 yana haƙuri, mai milimita 4 ko 5 shi ne mai saurin tsagewa, kuma ko ya hudu nauyin akwati da fayif na iya tsaga shi daga baya.

A ina zan yi ramin, kuma wane girma?

Kar ka sayi bakin huda sai konekta yana hannunka, ka auna jikin zarensa. Konekta na inci 1 yawanci ramin milimita 45 yake so, na inci ɗaya da rabi kuma wajen milimita 60, amma masu kaurin jiki sun fi haka, shi ya sa na ce ka auna naka. Kuma ka kula, fayif ɗin da ake aunawa da inci da wanda ake aunawa da milimita ba sa shiga juna daidai, ka ɗauki konektan ka je da shi shagon kayan fulamba a gwada a gabanka.

Wurin kuwa, tsakanin bakin rami da bakin gilas ya zama aƙalla faɗin ramin kansa, in ka samu ɗaya da rabi ya fi, haka ma tsakanin rami da rami. Sannan haƙoran akwatin ciki su ne za su yanke tsayin ruwanka, ruwa zai tsaya ɗan sama da gindinsu kaɗan, to ka ɗora akwatin a jikin gilas ka ga inda kake so layin ruwa ya ɓuya bayan firam kafin ka sa alama. Akwatunan kamfani suna zuwa da allon awo, ka bi shi. In tankinka yana da sanda ko gilas da ya ratsa tsakiyar sama yana riƙe gaba da baya, kar ka yanke shi don akwati ya samu wuri, shi ke hana gilas buɗewa.

Yi min bayanin hudawar dalla-dalla.

Bakin huda na gilas zagaye ne kamar kofi, bakinsa da ɓarɓashin daimon, kuma ba yanka yake yi ba, niƙa yake yi a hankali kamar dutsen niƙa. In ka gane wannan ka gama. Ka kwantar da tanki yadda gefen da za a huda zai kalli sama, a kan bargo ko katifa. Ka samu falanki ka yi masa rami daidai girman bakin, ka ɗaure shi a wurin don kar bakin ya yi ta yawo. A ɗaya fuskar gilas ɗin ka manna selotef mai ƙarfi, in da hali ka tokare da wani katakon, a ƙasa kuma ka shimfiɗa tawul, don kar guntun da zai fita ya faɗa ya fasa gilas ɗin gaba, wannan ya sha faruwa da mutane bayan sun gama murnar rami ya fito.

Ka yi ɗan madatsi da foti kewaye da wurin ka cika da ruwa, ko yaro ya riƙe maka tiyo yana zubawa a hankali, kar bakin ya taɓa bushewa, zafi ne ke tsaga gilas. Ka yi amfani da dirila mai batir tunda ruwa ake zubawa, ka tabbatar ba a kan hama take ba, gudu kaɗan, kuma kar ka danna, nauyin dirilar ya ishe ta. Ruwan zai yi fari kamar koko, ka ɗaga lokaci-lokaci ka sabunta shi. In ka ji sautin ya canza ko ka ga ruwa ya fara zurarewa, ka kusa fita, to nan ne za ka ƙara sassauta hannu, don yawancin ɓalgacewa a ƙarshen nan take faruwa. Sa tabarau a ido, kuma kar ka shafa bakin ramin da yatsa sai ka goge shi da sanfefa a jiƙe.

Kafin ka taɓa tanki, roƙi mai gilas ya ba ka guntaye cikin waɗanda zai zubar ka yi rami biyu ko uku. In har yanzu hannu na rawa, kai masa tankin ya huda, masu yin teburin gilas da shokes suna yi, amma ka tsaya a kansa. Wani ya taɓa ce min shi ba sai da ruwa ba, na ɗauke kayana na tafi.

Zan iya hudawa kifi na ciki? In rage ruwan kawai.

Akwai masu yi. Ni ba zan ce ka yi ba. In ya tsage a bushe ka yi asarar gilas ɗaya, in ya tsage da ruwa ka yi asarar gilas da kifi da falo. Kwashe su ka sa a baho ko durom na roba wanda omo bai taɓa shiga ba, da ruwansu na da, ka sa musu iska, soson filta kuma ya zauna a jiƙe a cikin ruwan don kar ƙwayoyin da ke tace ruwa su mutu. Ka rufe saman, kifi a baƙon wuri tsalle yake yi.

Konektan tankin ruwa na kasuwa zai yi? Kuma in shafa masa silikon?

Na roba zai yi. Na tagulla mai ruwan zinare kar ka sa, jan ƙarfen da ke cikinsa guba ne ga jatan lande da murjani da dodon koɗi, a ruwan gishiri ma abin ya fi muni. Robar gaskit tana zama ne ta ɓangaren kan konektan mai faɗi, ba ta ɓangaren noti ba. In akwatin kamfani ne mai ciki da waje, gaskit biyu ne, ɗaya tsakanin akwatin ciki da gilas, ɗaya tsakanin gilas da akwatin waje, wannan na biyun in ka manta shi bango ne zai gaya maka. Ka goge wurin tas, ka ɗaure da hannu, ka ƙara ɗan juyi kamar kwata, shi ke nan. In ka sa sifana ka matse da ƙarfin tuwo, ko noti ya tsage ko gilas. Silikon kuwa ba a sa wa gaskit, santsi yake sa shi ya zame ya fito ta gefe.

Nauyin fayif kuma kar ya rataya a wuyan konekta, ka ɗaure su a jikin kabad da kilif.

Zan iya haɗa akwatin da kaina?

Sosai ma, nawa na yanzu mai gilas ne ya yanka min na haɗa. Ka dai san cewa silikon da gilas aminai ne, amma ba ya kama fasfeks, wato robar nan garai-garai mai kama da gilas, da kyau, zai yi kamar ya kama bayan wata biyu ya saki. Saboda haka in za ka manna akwati a jikin tankin gilas, akwatin ma ya zama gilas. In na fasfeks ne, da nasa gam ɗin mai narkar da shi ake haɗawa, irin su Weld-On, sannan konekta ne zai riƙe shi a jikin tanki. Silikon kuma ka karanta jikinsa, ka guji na banɗaki da kicin wanda aka sa wa maganin hana fumfuna, yana kashe kifi. Nemi wanda aka rubuta na akwariyom ne, mai warin binega. Ka bar shi ya bushe aƙalla kwana 2, in akwatin waje ne da zai ɗauki nauyin ruwa ni sati guda nake ba shi.

Fayif nawa zan sa a akwatin waje? Ina jin ana Durso, Herbie, ban gane ba.

Sunayen mutane ne da aka sa wa tsare-tsaren jera fayif. Durso na wani Richard Durso ne, Herbie da BeanAnimal kuma laƙabin waɗanda suka yaɗa tsarin ne a Reef Central, wani dandalin masu kiwon kifi a intanet.

Durso fayif ɗaya ne, bakinsa ya lanƙwaso ya kalli ƙasa cikin ruwa, a samansa murfi mai ɗan ramin iska. Ya fi sauƙi, amma ruwa da iska tare suke sauka, in gudun ya yi yawa sai surutu, kuma in ya toshe ba mataimaki.

Herbie biyu ne. Na farko yana ƙasa a nutse, an sa masa get bawul, kana rage shi a hankali har fayif ɗin ya cika da ruwa zalla ba iska, sai ka ji tsit kamar an kashe inji. Na biyu ya fi tsayi, a buɗe yake ba bawul, yana jiran ranar da na farko zai toshe. BeanAnimal uku ne, wato an ƙara wani a tsakiya mai ɗaukar ɗan rarar da ta rage, yana da siririn tiyon iska wanda in ruwa ya hau ya rufe bakinsa shi ma sai ya koma zuƙa da ƙarfi, na ukun kuma a bushe yake zaune. Ga mu da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan na fi so, don duk tashin inji sai ruwa ya ɗan hau kafin na farko ya kori iskarsa ya kama, a wannan ɗan lokacin sauran ne ke riƙe gida. In akwatinka biyu kawai zai ɗauka, Herbie ya isa.

Doka ɗaya: in fayif ɗaya gare ka, kar ka sa masa bawul ka rage. Ganye ɗaya ya isa ya ƙarasa toshe shi. Sannan get bawul mai murɗawa ka nema ba bol bawul mai hannu ba, shi mai hannun ka taɓa kaɗan ya wuce, ka dawo kaɗan ya gaza, sai ka wuni a durƙushe. Bakin na farko ya nutse santimita 2 ko 3 a ruwan tankin ƙasa, na ko-ta-kwana kuma ka bar shi sama da ruwa da gangan, don in ya fara aiki ƙarar ta tashe ka. Ka sa yuniyon a hanya yadda za ka iya kwancewa ka wanke ba sai ka sa zarto ba.

Wane girman inji zan saya?

Wanda zai zagaya ruwan tankin sau 3 zuwa 5 a awa. Tanki mai lita 270, kana neman tsakanin lita 800 da 1,350 a awa a bakin fita can sama. Lambar da aka buga ɓaro-ɓaro a kwali kuwa ta inji ne a kwance bai hau ko'ina ba, in zai ɗaga ruwa mita ɗaya da wani abu ya bi gwiwoyi ƙarfinsa zai ragu sosai, ka duba jadawalin da ke bayan kwalin. In ya yi ƙarfi da yawa ka rage shi ta ɓangaren fita, ba ta inda yake shan ruwa ba. In daga Amurka aka aiko maka, duba jikinsa, nasu wutar 120 ce tamu 230, ka soka shi kai tsaye ka ji ƙauri. Galan ɗinsu kuma lita 3.8 ne in kana juya lissafi. Mai inbata ya ɗora injin a kai, ƙananan nan ba su cin wuta sosai, kuma soket ya zama a can sama nesa da tankin, wayar ta ɗan yi lilo ƙasa kafin ta hau, don ɗigon ruwa ya sauka a ƙasa ba cikin soket ba.

Nawa yana ƙara kamar ana ta fuloshin masai, ruwan akwatin na hawa yana sauka.

Durso ne ko? Ko ramin iskar ya yi ƙanƙanta ko inji ya fi ƙarfin fayif. Rage inji tukuna, in bai daina ba ka ɗan buɗa ramin kaɗan-kaɗan. In Herbie ne, bawul ɗin ya buɗe da yawa yana shan iska, murɗa kaɗan ka jira minti biyar kafin ka sake taɓawa, ba nan take yake nunawa ba.

Kifi ba za su faɗa ciki ba?

Ƙanana suna faɗawa, na sha tsintar 'ya'yan kifi a tankin ƙasa suna ta harkarsu har sun yi ƙiba. Sa raga ta roba a bayan haƙoran, da abin tacewa a bakin fayif, amma ka san duk ragar da ta tare kifi za ta tare ganye, sai da wanki. Ka yi wa akwatin waje murfi baƙi, yana hana gansakuka, yana rage ƙara, yana hana mai tsalle faɗawa bayan kabad.

Malam ni tankin ƙasa na kullum raguwa yake, na duba ban ga yoyo ba. Mijina ya ce gilas ne ya tsage.

Hajiya ki kwantar da hankalinki, shafa busasshen tishu a kowane haɗi, in bai jiƙe ba to iska ce ke shan ruwan. Tunda tankin sama tsayinsa ba ya canzawa, duk abin da ya tashi a ɗakin inji kaɗai zai nuna, shi ya sa kike ganin kamar da yawa, lokacin hunturu da bazara ma sai kin ƙara kusan kullum. Ki ja layi biyu da maka a jikin tankin ƙasa, ɗaya inda ruwa yake in inji na aiki, ɗaya inda kar ya sauka ƙasa da shi. Kar ki cika ya wuce layin sama don ki huta kwana biyu, filin nan na ranar ɗauke wuta ne. In ruwan famfo ne ki sa maganin kulorin, in kuma tankin ruwan gishiri ne ruwa zalla za ki ƙara, gishirin bai tafi ko'ina ba.

Na gama haɗawa. In zuba kifi?

Tukuna. Cika da ruwa zalla, in da hali a tsakar gida kan daɓe mai lebur, ya kwana ɗaya ko biyu kana shafa tishu a ƙarƙashin kowane konekta. Sannan ka zama NEPA da kanka: zare soket ka tsaya ka kalli tankin ƙasa har ruwa ya daina hawa, ka ga saura nawa ya kai baki. Mayar ka ga ko komai ya kama ba ka sa hannu ba. Yi haka sau biyar ko shida, wani ka bar shi awa guda a kashe, wani ka kashe ka kunna nan take irin yadda ake yi in ana canzawa zuwa janareta. Sake yi ka toshe ɗan ramin karya zuƙa da selotef ka ga iya inda ruwa zai kai, hannunka na kusa da bokiti. Daga nan ka rufe bawul ɗin fayif na farko ruf inji na aiki, ka ga ko na ko-ta-kwana zai ɗauke ruwan duka shi kaɗai. In ruwa ya ci gaba da hawa a akwatin, ko ka rage inji ko ka canza fayif ɗin zuwa mafi faɗi, ka sake gwajin daga farko kafin kifi su bar baho.